Wadda Ba a Ƙirgawa

Takur, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ke 'yar Inna, gaisuwa mai yawa. Lokacin da za ki buɗe wannan takarda ina fata motarku ta wuce Kano da Gusau lafiya, kin sauka Sakkwato ba abin da ya same ki sai gajiya, kin tarar da maigidanki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya rufe idon mugu a kanki, a hanya da masauki. Ya sa ƙafarki ta shiga garin nan da alheri, amin.

Na san ba a fafe gora ranar tafiya, to amma ga ni ina fafewa. Tun da hantsi kuka fita kasuwa ke da ƙanwata Hajara, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gidan da an riga an share. Na ɗora ruwa a wuta na manta abin da zan yi da shi. Jakunkunanki na jingine a baranda, duk wucewar da zan yi sai na taɓa igiyar na ji ko ta ɗauru. Babanku ya gaji da zirga-zirgata ya ce, "Hajiya, in magana ce a bakinki ki faɗa wa yarinyar nan, kin ishe mu da sintiri." Na ce masa ya ji da rediyonsa. Ya san sarai ba zan iya zaunar da ke na dube ki ido da ido ba, shi ya sa na ɗauko biro.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya Hajara ta tsare ni a kicin ta ce kin gaya mata zango ɗaya kawai za ki gwada koyarwar nan. In ba ta yiwu ba ki ajiye, ki zauna a gida. Wai ta tambaye ki dalili, kika ce, "Anti, ko Adda da ta koyar da ni darasin ba ta taɓa cewa na iya ba. Ita ta fi kowa sanin ɗalibi." Da ni kike, na sani. Kada ki ga laifin Hajara, bakinta ba ya riƙe ruwa tun tana yarinya, kuma wannan karon na gode wa Allah da hakan. Tun da na ji maganar nan abinci bai yi mini daɗi ba. An ba ki aji na masu digiri na biyu, likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani, ki koya musu ƙididdigar lafiya, bayostat ɗin da kowa ke gudu, ke kuma za ki shiga da ƙafa ɗaya a waje. Ba na son ki ajiye aikin nan. Bari na gaya miki inda na yi tuntuɓe, ko kya tsallake.

Da na fara koyarwa, tsoro ne ya cika ni, sai na lulluɓe shi da Turanci. Ɗalibaina wasu sun girme ni, wasu manyan likitoci ne masu motoci, ni kuwa a adaidaita sahu nake zuwa. Sai na juya musu baya na cika allo da lissafi tun daga sama har ƙasa, na goge, na sake cikawa, ba na waiwaye kada wani ya yi tambaya. In na ce "An gane?" sai a amsa baki ɗaya, "An gane, Malama." Ƙarya suke, ni ma na san ƙarya suke, muka yi ta rufa wa juna asiri. Kin san mutanenmu da hadda. Yaron da ya tashi da allo a hannu, ki ba shi shafi goma na lissafi zai zubo miki su ba tuntuɓe. A jarrabawa na kawo musu tambayar da muka yi a aji, sai dai na sauya cutar, na cire hawan jini na sa zazzaɓin cizon sauro. Tabɗi! Ajin nan ya zube kamar an sare dawa. Na shiga ofis ina faɗa, wai ba sa karatu. Suna karatu mana, abin da na ba su shi suka haddace.

Saboda haka ki juyo ki fuskance su. Kafin ki rubuta komai a allo ki tambaye su me ake son a sani, kuma wa zai amfana in an sani. In kwamfuta ta zubo musu sakamako, kada ki yarda su karanta miki shi da Turancin littafi. Ki nuna ɗaya ki ce, "Dakta, ga dattijo ya kawo matarsa asibiti daga ƙauye. Faɗa masa abin da wannan lambar take nufi, da Hausa." A nan za ki ga babban likita ya fara gyaran murya yana duban silin. Kada ki yi masa dariya, ki tsaya da shi har ya faɗa. Wanda ya iya faɗa da Hausa ya gane, wanda bai iya ba hadda ya yi.

Akwai wani ciwon kuma da ni na sa musu da hannuna. Kin san lambar nan da kowa ke zuba wa ido ya ga ta faɗo ƙasa da ƙa'ida, don a ce bincike ya nuna bambanci. Duk ɗalibin da tasa ta faɗo sai na washe baki na ce madalla. Wanda tasa ta ƙi, sai na ɗaure fuska kamar shi ya hana ta. Ba a jima ba suka gane abin da Malama ke so. Wata ungozoma, mace mai hankali wallahi, ta shigo ofishina tana murna ta ce, "Malama, ya fito! Da ya ƙi, sai na cire matan da suka daina zuwa awo, shi ke nan ya fito." Ko a jikinta, ita a ganinta gyara ta yi. Na buɗe baki zan yi mata tsawa sai na tuna fuskar da nake ɗaurewa. Ki kula da fuskarki a gaban ɗalibi, ya fi karanta ta a kan littafi. In bincike bai nuna komai ba, ki ce masa wannan ma sani ne, ya rubuta shi yadda ya zo. Maganin da ba ya aiki gara a sani tun kafin a ɗura wa mutane.

Na tashi na leƙa ƙofar gida, na ɗauka ku ne. Mai ruwa ne. Bari na ci gaba kafin ku dawo, domin abin da ke tafe shi ne mai nauyin.

Wata shekara na tura ajina ƙauyuka da rugagen da ke kewayen Aujara, su zauna da mata su ɗauki tarihin haihuwarsu: yaushe aka yi aure, yaushe aka haifi na fari, su waye ke raye, su waye suka koma. Na zaɓi wajen ne don garinmu ne, na san za a karɓe su a ba su fura. Suka dawo muka zuba bayanan a kwamfuta, sai ga abin mamaki. A wasu rugagen, tsakanin aure da haihuwar fari akwai tazara mai tsawo, kamar matan wajen sai sun shekara da shekaru a ɗaki kafin su samu ciki. Ni da na tashi a can na san ba haka ba ne. Raina ya ɓaci. Na shiga aji na ce, "Ku dai faɗi gaskiya, a gindin bishiya kuka zauna kuka cike takardun nan da ka." Wani mai unguwar ajin, dattijo da furfurarsa, ya miƙe ya ce, "Malama, wallahi gida-gida muka bi. Abin da suka faɗa muka rubuta." Na ce ya zauna. Na riƙe makinsu, na ce sai sun koma da kuɗin motarsu sun sake. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai na ji kunya ta kama ni.

A cikin kwanakin nan ne jinina ya hau, kika raka ni asibiti. Lokacin ba ki daɗe da dawowa Dutse daga wajen Inna kakarki ba, kin fara jami'a. Ban san ko kin tuna ba, amma na fi zaton kin tuna. Kina zaune a gefena a kan benci, jakata na kan cinyarki. Nas ɗin tana cike kati ta ce, "Hajiya, 'ya'ya nawa?" Na ce, "Huɗu." Haka ya fito, ko tunani ban yi ba. Ta rubuta huɗu. Sai ta ɗaga kai ta dube ki ta ce, "Wannan fa, ƙanwarki ce?" Sai na hau gyara mayafi. Ke kika amsa mata, kika ce, "'Yar gidansu ce." Ku biyar na haifa, ke ce ta fari.

A cikin adaidaita muna komowa gida abin ya faɗo mini. Matan rugagen Aujara ba su jinkirta haihuwa ba. 'Ya'yan fari ne ba su ƙirga ba, kamar yadda ban ƙirga ki ba. Ɗan fari na kaka ne. Ba a kiran sunansa, ba a nuna shi, ba a sa shi a lissafi a gaban baƙo, balle baƙon ma namiji da takarda a hannu. Ɗalibaina sun tambayi na fari, aka ba su na biyu. Ga ni da digirina har uku, na tashi cikin fulakon nan, ina yin sa kullum a gidana, amma na zauna gaban kwamfuta na kasa gane shi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na ɗalibai. Washegari na shiga aji na ba su haƙuri, na sake musu makinsu. Muka sauya tambayar, aka koma ana cewa, "Akwai wanda aka yaye aka kai gidan kaka?" ko kuma a tambayi kakar da kanta. Sai ga 'ya'yan fari suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ki riƙe wannan da kyau, don littattafan da za ki koyar da su ba a rugarmu aka rubuta su ba. Za su nuna miki dabaru iri-iri na cike giɓi in bayani ya ɓace, kuma dabarun suna da amfani, ki koyar da su. Amma yawancinsu sai an ɗauka cewa abin da ke hannu ya isa ya ba da labarin abin da ya ɓace. A wajenmu abu ba ya ɓacewa haka kawai. Wanda babu shi a jadawali akwai dalilin rashinsa: kunya ce, ko kara, ko nisan asibiti, ko jaririn da ya koma kafin suna wanda uwarsa ba ta son a tayar mata. Duk jadawalin da ɗalibi ya kawo miki, kafin ki duba waɗanda ke ciki ki tambaye shi su wa aka bari a waje. Kwamfuta ba ta san kunya ba, abin da aka ba ta shi take niƙawa.

Za ki ce to tunda na gane, ai sai na gyara. Ina fa! Na gyara takardar tambayoyi, ban gyara kaina ba. Na ba ajin mutum arba'in haƙuri, ke da kika riƙe mini jaka ban ce miki uffan ba. Muka sauka daga adaidaita na ce ki ɗora tuwo.

Sai ga shi Allah ya kawo ki ajina da kika zo digiri na biyu. Takardun jarrabawarki na miƙa wa abokin aikina ya duba, wannan daidai ne, ko yau haka zan yi, ke ma in ɗan'uwa ya shigo ajinki haka za ki yi. Amma sauran ba adalci ba ne, fulako ne na sa masa rigar adalci. Kina ɗaga hannu ina tsallake ki da ido kamar kujerar ba kowa. In ina kiran suna na zo kan naki sai na yi alama na wuce. Ranar da na fi jin haushin kaina ita ce ranar da na yi tambaya a kan abin da ke shiga tsakanin dalili da cuta ya rikita lissafi. Ba wanda ya ɗaga hannu sai ke. Kika gaji da ɗaga hannu kika faɗi amsar daga inda kike zaune. Amsar nan ta cika, ko ni iyakar abin da zan faɗa ke nan. Ƙirjina ya cika fal, na ji kamar na yi guɗa. Sai na ji bakina yana cewa, "To. Wani ya gwada." Ajin duk suka ɗauka kin yi kuskure. Na ga kin sunkuyar da kai kina jan layi a littafi. Daga ranar ba ki sake ɗaga hannu ba, ni kuma har da jin sauƙi, kin ji sakarci.

Don Allah kada ki yi wa ɗalibi haka. Darasin nan yana sa mai ƙoƙari ma ya riƙa shakkar kansa, don ba kamar ɗinkin rauni ba ne da mutum zai gani da idonsa ya yi kyau. In ɗalibi ya faɗi daidai, ki ce "Daidai ne" da ƙarfi, kowa ya ji, ki kira sunansa. Ba a barin wannan a ciki. Na ɗauka kina gani a fuskata, ashe ba abin da kike gani sai ƙeyata.

Ban ce fulako banza ba ne. Inna ta raine ki da shi, ni ma da shi aka raine ni, kuma ya tsare mu daga abubuwa da yawa. Ba zan iya tuɓe shi yau na ajiye ba, ko a takardar nan kin ga yadda nake ta kewaye-kewaye. Gobe a tasha kada ki sa ran zan rungume ki kamar yadda Hajara za ta yi, ta jiƙa miki hijabi da hawaye. Wataƙila ma na tsaya wajen mai lemo ina taya shi ciniki. Ki san dai ba lemon ne ya dame ni ba.

Saura abu ɗaya, shi ma na daɗe ina sakaya shi.

Babin da ya fi ba ni wahalar koyarwa shi ne na bibiyar majinyata a ga tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su warke ko su rasu. Wajen da ɗalibai ke ruɗewa shi ne mutumin da ya ɓace ana tsakiyar bibiya, ya yi ƙaura ko ya daina zuwa. Wasu su jefar da shi, wasu su sa shi cikin waɗanda suka warke. Shekaru ina fama, na zana, na goge, a banza. Wata ranar Asabar da la'asar, gab da jarrabawarku, 'yan ajinku mata suka zo kuka baje a tabarma a tsakar gida. Ina ɗaki ina ninke kaya, taga a buɗe. Na ji wata ta ce ita fa wannan babin ya fi ƙarfinta. Sai na ji kin ce, "Ke, saurara. A garken Baffana akwai karsana goma, ana jira a ga yaushe kowacce za ta haihu. Ana nan sai aka kai ɗaya kasuwa aka sayar. Juya ce?" Ta ce a'a. Kika ce, "To ta haihu?" Ta ce, "Oho, wa ya sani." Kika ce, "Yauwa. Ba ki san ƙarshenta ba, amma kin san daminar da ta yi a garke ba ta haihu ba. Wannan za ki rubuta mata, kada ki ƙara, kada ki rage." Yarinyar ta yi shewa ta ce, "Wallahi yau na gane!" Ni kuwa na zauna a bakin gado da zane a hannu.

Sati na zagayowa na shiga aji na ƙasa da ku na ba su labarin karsanar nan. Suka gane nan take. Tun daga lokacin kowace shekara da ita nake koyar da babin. Ɗalibai har suna suka sa mata, karsanar Malama. Wani abokin aikina ya roƙe ni aron ta, na ba shi ina murmushi kamar ni na haife ta. Ban taɓa faɗa wa kowa inda na samo ta ba.

Jiya Alhamis muka iso babin da ajin bana. Na ba da labarin, aka yi dariya, aka gane. Wani likita a gaba ya ce, "Malama, wannan misali naki ya fi littafin gaba ɗaya." Maganar Hajara na nan tokare a ƙirjina. Na ajiye abin rubutu, na dafa tebur, na ce, "Ba nawa ba ne. A bakin wata malama na ji shi, ta fi ni iya koyar da wannan babin. Jibi za ta tafi Sakkwato ta fara aiki." Suka ce wace ce. Na ce, "'Yata ce. Ta fari." Akwai wata Bafulatana a layin baya, na ga ta rufe baki da mayafi. Ban mutu ba, ƙasa kuma ba ta tsage ba, na ɗauki jakata na fito.

To kin ji. Kin iya, tun kina zaune a tabarma kin iya, ni ce ban faɗa ba. Kada ki ajiye aikin nan bayan zango ɗaya. In ya yi miki nauyi ki kira ni a waya, a waya ba na ganin idonki, zan iya magana.

Ga ƙarar adaidaita a ƙofar gida, na ji muryar Hajara tana faɗa da direba. Bari na naɗe takardar na cusa a jakar hannunki kafin ku shigo.

Allah ya kiyaye ki gaba da baya, dama da hagu. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya da mijinki, ya buɗe miki ƙirjin ɗalibanki, ya sa ilimin ya amfani marasa lafiyar da ba za ki taɓa gani ba. Ya sa mu gana da alheri. Ki gaida maigidan naki da mutanen gidansu. Wassalamu alaikum.

Ni ce,
wadda kike kira Adda.